Gwajin ƙwayoyin halitta zai iya raba tabar wiwi da wiwin zare?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gwajin DNA zai iya bambanta wiwin da ake sha da wanda ake nomawa don zare da mai. Zai iya, amma da sauran magana.

Su biyun shuka ɗaya ce, Cannabis sativa, tun suna tsiro ba ka raba su da ido. Bambancin yana cikin ƙwayoyin gadon da ke sarrafa sinadarai biyu. A wiwin sha, wadda ke samar da THC mai bugarwa ce ke aiki. A wiwin zare kuwa, ta CBD, sinadarin da ba ya bugarwa, ce ke jan ragama. Ɗan yankin ganye ko ƙwayar iri ɗaya ya isa a gane da gwajin PCR, wato gwajin da ke gano takamaiman ƙwayar gado a cikin DNA. Nan ne amfaninsa ya fi fitowa, domin iri kusan ba shi da THC, gwajin sinadari ba zai gaya maka komai a kansa ba.

Sai dai doka ba ta duba gado, yawan THC take aunawa. A Amurka, dokar noma ta 2018 ta sa iyakar THC a wiwin zare kashi 0.3 cikin ɗari na nauyin busasshiyar shuka. Shukar CBD ma tana fitar da ɗan THC, in aka bar furenta ya daɗe a gona sai ta haura iyakar.