Likita, me ya haɗa toshewar hanci da dushewar murya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, barka da aiki. Ni malamar firamare ce a Gusau, duk shekara da hunturu ya shigo sai atishawa ba ƙaƙƙautawa, hanci ya toshe, ido na ƙaiƙayi, kuma kafin a tashi tara muryata ta dushe, maƙogwaro kamar wani abu ya maƙale sai gyaran murya nake ta yi. Na sha Piriton, na sha antibayotik, na tsotsi Tom Tom har na gaji. Gwaggona ta ce beli ne in je wanzami ya cire. Dan Allah ya zan yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama, Allah ya ba ki lafiya. Da farko dan Allah ki bar belin nan a inda yake, ba shi da laifi, kuma cire shi kan jawo zubar jini da shigar ƙwayar cuta, ga ƙaiƙayin yana nan bai tafi ba. Ki lallaɓa Gwaggo ki faɗa mata haka.

Abin da kika bayyana ya yi kama da alaji na hanci. Ƙura ko kashin kyankyaso ko gashin mage in sun shiga hancin mai alaji sai jiki ya saki wani sinadari histamin, cikin hancin ya kumbura ya yi ta tsatso majina, to ba duka ke fitowa ta gaba ba, wata ta baya take gangarawa maƙogwaro musamman in kin kwanta, ita ce kike ji kamar abu ya maƙale. Duk gyaran muryar da kika yi kuwa igiyoyin murya guda 2 da ke maƙogwaro bugun juna suke da ƙarfi, su ƙara kumbura, ki ƙara jin son gyarawa, haka abin zai yi ta zagayawa. Sannan hanci a toshe dole da baki kike numfashi, busasshiyar iskar hunturu ta faɗa maƙogwaro kai tsaye ba tacewa ba danshi, a haka kuma za ki tsaya gaban aji kina ɗaga murya ga ƙurar alli, ai dole ta dushe.

Piriton ɗin ma yana busar da maƙogwaro ga sa barci, gara loratadine ko cetirizine. Antibayotik kam ki daina, ba ya komai a kan alaji. Wanda ya fi aiki shi ne maganin feshin hanci irin fluticasone ko mometasone, amma sai likita ya duba ki ya rubuta, kuma kullum ake fesawa, yakan kai sati 2 kafin a ji cikakken amfaninsa, a nan ne mutanenmu ke gajiya su ajiye. Irin su Otrivin masu buɗe hanci nan take kar ki wuce kwana 5, in an zarce toshewar ƙaruwa take.

Ki riƙa wanke hanci da ruwan gishiri na kemis, ko ruwan gishirin da aka haɗa da ruwan da aka tafasa ya huce. Ki sa takunkumi in kin hau babur ko za ki yi shara, ki yayyafa ruwa kafin ki share. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa, na san da wuya amma a rage su a ɗakin kwana. Ki ajiye gorar ruwa a teburinki, in gyaran murya ya taso ki kurɓa ki haɗiye. Ranar da murya ta dushe ki rage magana, kar ki koma raɗa don ita ma tana wahalar da igiyoyin.

In dushewar ta wuce sati 3, ko akwai wahalar haɗiya, ko jini a kaki, ko ƙullutu a wuya, ko numfashi na sarƙewa, ki je wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa ciki da na'ura, ki kuma gaya masa in kina fama da ƙwannafi don shi ma yana dushe murya.