Amsa ga ƙanenmu da ke karatun likita a Karibiyan

Wa'alaikumus salam ƙanena. Wallahi ina karanta tambayarka na ji kamar ni na rubuta ta. Ka ce ka gama shekara biyun farko a tsibiri, fasfo ɗinka na Najeriya ne, ba ka rubuta Step 1 ba tukuna, wato matakin farko na jarrabawar lasisin likita ta Amurka, kuma ana ta gaya maka 'yan Karibiyan ba sa samun residensi, wato gurbin horon ƙwarewa a asibiti bayan digiri, a Amurka. Suna samu. Amma ba yadda aka zana mana a takardar talla ba.

Ni ejan ne ya kai ni. Har falon Baba ya zo, ya baza takardu masu sheƙi a kan kafet, ga hoton teku ga ɗalibai da fararen riguna, yana rantsuwa kusan duk wanda ya gama ana ɗaukarsa. Bai gaya mana lissafin na waɗanda suka kai ƙarshe ne kawai ba, ban da tarin waɗanda aka zubar a hanya. Bai ce yawancinsu 'yan Amurka ba ne, waɗanda babu ruwansu da biza, kuma a manyan makarantu irin su St George's ta Giranada da Ross gwamnatinsu ce ke ba su bashin karatu. Mu kuwa fili Baba ya sayar, har biyu. Makarantata ƙarama ce, sai da na shiga na gane ba ta da tsayayyun asibitocin da take tura ɗalibai. Wata bakwai na yi a ɗakin wani ɗan garinmu a Shikago ina jiran zagayen koyon aiki a sashen tiyata, kullum na kira ofis sai a ce mako mai zuwa. Shi kuwa ejan tun ranar da kuɗin ƙarshe suka shiga ya daina ɗaga wayata. Bara na gan shi wurin ɗaurin aure, har da miƙo hannu yana "Likita, likita!" Na gaisa da shi don idon jama'a, amma ban yafe ba, Allah ya isa.

Wata bakwai ɗin nan sun bi ni har Match, tsarin da ke raba guraben residensi duk shekara. Intabiyu biyu kacal na samu, kuma a duka biyun sai da aka tambaye ni me na zauna yi. Ranar Litinin ɗin nan ta watan Maris da ake sanar da sakamako ina tsaye a kicin da kofin shayi imel ya shigo. Ban samu gurbi ba. Na zauna a ƙasa, na jingina da firij, ban san iya lokacin da na yi ba. Umma ta kira sau huɗu, ashe tun asuba ta sa an soya waina an rabar sadaka. Da na ɗaga sai na ce mata sakamako bai fito ba. A rayuwata ban taɓa yi mata ƙarya irin wannan ba, har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. Na shiga SOAP, wato neman guraben da suka rage bayan Match, na kwana uku da waya a hannu har banɗaki, ko kira ɗaya.

To ka saurare ni. Kada ka kuskura ka shiga Step 1 don kawai makaranta ko gida sun matsa maka. Tun Janairun 2022 babu maki, ci ne ko faɗuwa, amma faɗuwa ɗaya tana nan a takardarka har abada, kuma sau huɗu kawai aka yarda mutum ya gwada. Ka bari sai ka ga kana wuce gwajin NBME, wato jarrabawar gwaji ta share fage, da tazara a kai a kai. Bayan nan duk ƙarfinka ya koma Step 2 CK, mataki na biyu, don shi ne makin da ya rage asibitoci suke tace mutane da shi. Ɗaliban makarantun cikin Amurka sama da kashi 90 cikin 100 ke samun gurbi, irinmu marasa fasfonsu kuwa kusan kashi 60 ne, ka ga ba wurin wasa ba ne. Kuma don Allah ka cire tiyatar ƙashi ko ta ƙwaƙwalwa ko fannin fata daga ranka a yanzu. Fannin cututtukan manya, likitancin iyali, yara, taɓin hankali, nan ƙofofinmu suke.

Yau ɗin nan ka buɗe World Directory of Medical Schools, kundin makarantun likita na duniya, ka duba ko akwai bayanin ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, a ƙarƙashin sunan makarantarku, ka kuma tambaye su a rubuce wace hukuma ta tantance su, CAAM-HP ce ko wata. Ni da na san wannan tun farko da ban hau jirgi ba.

A karo na biyu na samu, a wani ƙaramin asibiti, bayan shekara guda ina aikin bincike ba albashi, na rubuta Step 3, matakin ƙarshe, na sami wasiƙun shaida daga likitocin da suka ga aikina da idonsu. Ban ƙara ɓata kuɗi a kan asibitin da ba ya ɗaukar nauyin biza ba, wancan karon dalolin Baba na watsa wa wuraren da ko buɗe takarduna ba za su yi ba. Bizar J-1 aka ba ni, ita kuma sai da takardar buƙata daga Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya a Abuja, in ka gama ko ka koma gida shekara biyu, ko ka yi shekara uku kana aiki a yankin Amurka da ke da ƙarancin likitoci.

Kuma kada girman kai ya hana ka duba jarrabawar MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi a Najeriya. Abokina da muka zauna ɗaki ɗaya ya koma, ya ci, ya yi hausjob, wato shekarar horon farko a asibiti, da bautar ƙasa, yanzu ya riga ni nisa, kuma kullum yana cin tuwon mahaifiyarsa. Ni Baba ya rasu ina shekarar farko, ban sami jana'iza ba.

Ka gaya wa iyayenka gaskiyar lamarin tun yanzu, kada ka yi irin tawa. Sannan ka turo min sunan makarantar da makinka na NBME na ƙarshe ta saƙo, in na sauka daga aikin dare zan duba.