Rinjaye da sarkin yawa a majalisar riƙon ƙwarya

Wata ɗalibar shari'a ta rubuto: "Malam, mene ne asalin ma'anar 'rinjaye'? Kuma da ake cewa 'sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi', ba ana nufin jam'iyyar da ta fi ƙuri'a ta kwashe kujerun majalisa ba ne, ko da a lokacin riƙon ƙwarya?"

'Yata, rinjaye kalmar awo ce. Ki duba ma'auni mai faranti biyu: idan ɗaya ya fi nauyi sai ya sunkuya, a ce ya rinjaya. Amma ɗaya farantin yana nan da abin da ke kansa. Da an zubar da shi, ai babu awo. Don haka mai rinjaye wanda ya fi ne, ba wanda ya cinye duka ba.

Ita kuwa karin maganar, ana yawan yi mata gurguwar fahimta, kuma abin yana damuna. Taron raunana ake yabo da ita, waɗanda suka haɗa kai suka kayar da ƙato. Ba a yi ta don masu yawa su danne 'yan tsiraru ba.

A zaɓe, hanya ɗaya ita ce kowace mazaɓa kujera ɗaya, wanda ya zo na farko ya ɗauka. Da ita Lesoto ta yi zaɓen 1998: jam'iyyar LCD ta sami kusan kashi 60 cikin ɗari na ƙuri'u, amma ta tashi da kujeru 79 cikin 80. Tarzoma ta ɓarke a Maseru, babban birnin ƙasar, har sojojin Afirka ta Kudu da Botswana suka shiga. A 2002 aka ƙara kujeru 40 da ake rabawa gwargwadon ƙuri'un jam'iyyu.

Wannan rabon shi nake kira "wakilci gwargwadon ƙuri'a", kuma a ganina ya fi dacewa da majalisar riƙon ƙwarya da za ta rubuta kundin tsarin mulki. Mai riƙon ƙwarya ba shi ne mai ƙwaryar ba, amana aka ba shi. Da wannan tsari Afirka ta Kudu ta yi zaɓen 1994, jam'iyyar ANC ta sami kujeru 252 cikin 400, bai kai kashi biyu bisa uku da za ta rubuta kundi ita kaɗai ba. A Tunisiya, 2011, jam'iyyar Ennahda ta sami kujeru 89 cikin 217, dole ta nemi abokan tafiya.

Ita ma "ƙuri'a" daga Larabci muka aro ta, kuma asalinta jefa ƙuri'a ne don a raba gardama tsakanin masu hakki ɗaya.