Ku Tambayi Mai Mashin: Taya, Hular Kwano da Ƙurar Hunturu

Tambaya daga Funtuwa: Malam ina da mashin Boxer da nake zuwa gona da kasuwa, damina ta kusa kuma ɗan kuɗin hannuna ba zai isa komai ba. Tayar baya ta suɗe, hular kwano ba ni da ita, ga sit ya yage. Wanne zan fara saya? Akwai mai gwanjo da ya ce zai ba ni hula 'yar Beljiyam da sauƙi.

Ɗan'uwa sit dai ka ɗaura masa buhu ya jira kaka, ba ya kashe kowa. Taya za ka fara saya. Zanen nan da ke jikinta shi ne yake kore ruwa daga ƙarƙashinta, idan ya goge to a kan kwalta mai jiƙa kamar ka taka sabulu ne, musamman ruwan farko, lokacin da ƙura da baƙin man da motoci suka zubar tun rani suke tasowa su kwanta a saman titi, kana taɓa birki sai ka ji baya ta yi gefe. In ka je shago kar ka tsaya kan ƙyalli, juya tayar ka nemi lambobi huɗu a gefenta, misali 1524, ma'ana sati na 15 a shekarar 2024 aka yi ta. Taya tana tsufa ko ba a hau ta ba, wadda ta shekara biyar a rana a ƙofar shago robarta ta bushe, sa farce ka danna, in ka ga ƙananan tsaga ka ajiye masa kayansa. Ka haɗa da sabon tif, kar mai faci ya mayar maka da tsohon nan mai faci bakwai.

Hular gwanjo kuwa ni ban yarda da ita ba. Abin da ke tsare kai shi ne farin soson nan mai tauri da ke ciki, sau ɗaya yake shanye bugu ya matse, daga nan ya gama aiki ko da bayan hular na sheƙi, kai kuma ba ka san sau nawa ta daki ƙasa a can ba. Tara ka sayi sabuwa mai rufe haɓa, ka duba tambarin tabbatar da inganci na ECE ko DOT a bayanta, duk da dai akwai masu manna sitika ta ƙarya, don haka cire mayafin ciki ka ga kaurin soson da idonka. Sa ta ka girgiza kai, in tana yawo ta yi maka yawa. Kuma a ɗaure igiyar haɓa don Allah. Tun Janairun 2009 da jami'an kiyaye haɗurra suka tilasta sa hula muke wannan wasan, har ƙwarya wasu suka dinga kifawa a kai, yau kuma hular masu gini nake gani.

Wata Hajiya daga Maraɗi: Yarona yana zuwa makaranta da babur, duk hunturu sai ƙarfinsa ya ragu yana shan mai, bakanike ya ce a sayi sabuwar kabireta.

Hajiya a dakata da kabiretar. A fara buɗe iyakilina, wato matatar iska, na tabbata za a same ta ta yi ja jawur da ƙura, injin ba ya samun numfashi shi ya sa yake zuƙar fetur yana baƙin hayaƙi. In ta soso ce a wanke da kananzir, ta bushe, a ɗiga mata ɗan baƙin mai a matse. In ta takarda ce ba a wanke ta, sabuwa ake sawa kuma kuɗinta bai kai ko kusa da na kabireta ba. A duba fulogi ma. Sai an yi waɗannan bai gyaru ba sannan a wanke kabiretar, wankewa fa na ce. Yaron kuma ya daina murɗa totur da sanyin asuba yana tada unguwa, ya ja cok ya bar shi minti biyu ya ɗumama.

Wani ya tambaya ko man mota zai yi a mashin tunda duk lambar kaurinsu 20W-50 ce. Yawancin mashinanmu kulocinsu a cikin mai yake, wasu man motar kuma suna da sinadarin santsi da ke sa kuloci zamewa, nemi galan mai rubutun 4T da JASO MA, alamar man mashin ke nan, ka guji na gwangwani da ake aunawa a bakin titi. In ka ratsa ruwa mai zurfi mashin ya mutu kar ka buga kik, tura shi waje, cire fulogi a fitar da ruwan, zaro sandar mai ka duba, in ya koma kalar shayi mai madara yau za ka yi juye ba gobe ba.