Warin da ya ƙi barin mota duk da wanki da turare

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2008, da ita nake zuwa aiki nake kuma kai yara makaranta. Tun tsakiyar damina wani wari ya kama cikinta, irin na kayan wanki da suka kwana a jiƙe cikin bokiti. Na kai ta wankin mota sau biyu, na rataya turaren mota, har turaren wuta na yi mata, amma bayan kwana biyu sai ya dawo. Ya fi tashi da safe, da kuma lokacin da na kunna esi. Ƙaramin ɗana har atishawa yake in mun shiga. Yaya zan yi? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Kin taimake ni ƙwarai da kika faɗi irin warin, domin a aikinmu hanci ne ke fara bincike kafin sifana. Ƙarni daban, ƙauri daban, ɗoyin mushe daban, kuma kowanne da wurin da yake nuna wa bakanike. Wanda kika kwatanta warin danshi ne da hunhuna. Akwai ruwa kwance a motarki, a wurin da ido ba ya gani kuma tsumman mai wanki ba ya kaiwa. Turare yana lulluɓe shi ne kawai, an kashe maciji ba a sare kansa ba.

Tunda ya fi tashi in kin kunna esi, daga nan zan fara. A can cikin dashbod akwai wani abu mai kama da ƙaramin lagireto, ana ce masa ibaforeta, shi ke yin sanyin da fanka ke huro miki. Kin san yadda gorar zoɓo mai sanyi ke zufa in an ajiye ta a ɗaki? Haka shi ma yake zufa, musamman da damina da iska ke cike da laima. Ruwan yana taruwa a wani ɗan kwano, ya bi ta wani gajeren tiyon roba ya zube a ƙasa. To ƙura da ganye da laka suna toshe bakin tiyon nan, har zanzaro yakan gina ɗaki a ciki in mota ta daɗe a ajiye. Da ya toshe, ruwa ya rasa hanya, sai ya kwanta a kwanon ya ruɓe, in ya cika ya malalo kan kafet ta wajen ƙafar mai zaman gaba.

Gwajin ba ya buƙatar bakanike. Ki ajiye motar a busasshen siminti, ki kunna esi minti goma zuwa sha biyar, sannan ki leƙa ƙarƙashinta ta gefen dama, kusa da bayan tayar gaba. Lafiyayyen esi yana ɗigar da ruwa fari tas a wurin. In ƙasa ta bushe ƙayau alhali cikin mota ya yi sanyi, mun kama ɓarawon.

Sai ki cire tabarmar ƙafa, ki danna kafet da tafin hannu da ƙarfi, gaba da baya. Kada saman ya ruɗe ki. Ƙarƙashin kafet akwai wani soso mai kauri da aka shimfiɗa don rage ƙara da zafi, yana riƙe ruwa makonni alhali sama a bushe. An taɓa kawo mini irin motarki, mai ita ya rantse babu inda ruwa ya shiga. Da muka kwance kujerar gaba muka ɗaga kafet, na damƙi soson na matse, ruwa baƙi ƙirin ya biyo tsakanin yatsuna, ƙarfen ƙasa kuma ya fara tsatsa. Nan take ya toshe hanci ya ce ai kuwa wannan ne warin. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wankin da ya yi ta kai ta ya ƙara rura matsalar, domin an riƙa kwarara wa kafet ruwa da kumfa ana rufe gilas tun bai bushe ba. Ina jin tsoron wankinki biyu ma haka suka yi.

In tiyon lafiya lau yake amma kafet a jiƙe, ruwan sama ne ke shigowa. A duba ramin da ke gindin gilashin gaba, ƙarƙashin waifa, inda ganyen darbejiya ke taruwa ya toshe magudana. A duba robobin ƙofofi da na but. A ɗaga shimfiɗar but a fito da safaya, don ramin tayar nan tafki ne in robar fitilar baya ta saki. Can ne kuma ruwan kifi, jinin nama, kindirmo da man ja ke gangarawa in leda ta fashe a hanyar dawowa daga kasuwa, sai dai su ƙarni da tsami suke yi.

Akwai kuma matatar iska a bayan akwatin dashbod na gaban fasinja. Mutane da yawa ba su ma san da ita ba, sai ka tarar tun da aka sayo motar daga Kwatano ba a taɓa ta ba. A ƙasar da hunturu ke cika ko'ina da ƙura, a sauya ta aƙalla sau ɗaya a shekara. In an zaro ta a haska fankar da ke ƙasanta da tocila. Ɓera yana son wurin, yakan tara ɓawon gyaɗa da yagaggen tishu ya yi sheƙa, wani lokaci ya mutu a ciki.

Maganin naki, in hasashena ya yi daidai, ga yadda yake. A buɗe tiyon da iskar kwamfaresa mara ƙarfi ko siririyar roba, kada a tsokana da waya mai tsini, don ibaforeta na alminiyam ne, in ya huje sai an sauke dashbod gaba ɗaya. A fesa masa kumfar wanke esi da ake sayarwa a shagunan kayan mota, a sa sabuwar matata. Sannan babban aikin: a kwance kujeru, a ɗaga kafet, a fito da soson a shanya a rana har ya bushe ƙamas, in ya ruɓe a jefar a sa wani. Ki tabbata an cire kan batir kafin a taɓa wayoyi masu ruwan ɗorawa da ke ƙarƙashin kujera, na jakar iskar kariya ne. A goge ƙarfen da ruwan khal da aka sirka da ruwa, a bar ƙofofi a buɗe wuni guda ko biyu. Kada a haɗa khal da bilic, haɗin yana fitar da iska mai guba. Bayan an mayar da komai, ki barbaɗa bekin soda a kafet da kujerun yadi su kwana, a zuƙe da injin shara, ki ajiye gawayi a kwano ƙarƙashin kujera na ɗan lokaci ya tsotse saura. Kaskon turaren wuta kuwa ina roƙonki ki daina shigar da shi mota. Garwashi a tsakanin soso da roba haɗari ne, hayaƙin kuma yana maƙalewa a rufi ya gauraya da warin.

Akwai warin da ba a jira da shi ko kwana ɗaya, ina so ki sani ko don gaba. Warin fetur a cikin mota, sau da yawa daga murfin famfon mai da ke ƙarƙashin kujerar baya, gobara ce ke sallama. Warin ruɓaɓɓen ƙwai yana nuna batir na tafasa, ko kuma abin nan na cikin salansa da makanikai ke kira indomi ya lalace. Ƙamshi mai zaƙi-zaƙi tare da hazo mai maiƙo a gilas ruwan lagireto ne ke yoyo ta hita. Mafi muni shi ne hayaƙin salansa, domin iskar da ke kisa a cikinsa ba ta da wari ko kaɗan. In ana jin ciwon kai ko jiri ko barci a mota, a sauke gilas a tsaya, a kai ta gareji ranar.

Bayan gyara, ki riƙa kashe sanyin minti biyu ko uku kafin ki isa gida, ki bar fanka kaɗai tana hurawa don ibaforeta ya bushe kafin motar ta kwana. Kafin a yi aikin kuma, ki ɗauki yara da gilas a sauke, esi a kashe. In atishawar ƙaramin ta ci gaba bayan warin ya tafi, ko kika ji numfashinsa na fito da ƙara da daddare, ki kai shi asibiti, ki kuma gaya wa likita batun hunhunar motar.