Ziyarar Madina: Inda Ya Kamata Riyal Ɗinka Ya Tafi

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan makon kusan duk na masu shirin Umara ne daga Sakkwato da kewaye, kuma maganar Madina ce ta fi yawa a ciki. Na taƙaita tambayoyin, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya daga Mabera: Allah shi gafarta Malam. Zan kai mahaifiyata Umara, ta haura shekara saba'in kuma gwiwa na damunta. Kamfanin jirgin yawo ya ba mu zaɓi biyu: masauki kusa da Haramin Madina ba tare da motar ziyara ba, ko masauki mai ɗan nisa da aka haɗa da ziyarar wurare da yawa, har da Badar. Na biyun ya fi sauƙin kuɗi. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Ɗauki na farko, ɗan'uwa, ko da zai sa ka rage kuɗin tsaraba. Abin da zai kai Inna Madina shi ne Masallacin Manzon Allah (SAW), wanda ya tabbata a hadisi cewa salla ɗaya a cikinsa ta fi salla dubu a waninsa, in ban da Masallacin Harami na Makka. Wannan garaɓasa sau biyar take zuwa kullum, motar ziyara kuwa safiya ɗaya ce. In masauki ya yi nisa, ranar farko tsohuwa za ta daure ta je, kashegari gwiwa ta kumbura, daga nan sai ka tarar tana sallolinta a ɗaki tana jiyo kiran salla daga nesa. Rarar da ka samu ba za ta biya wannan asara ba.

Sai dai kusancin ma kada ka karɓe shi da fatar baki. Ka sa a rubuta sunan otal ɗin a takardar yarjejeniya, ka duba shi a taswirar wayarka, ka ga tafiyar minti nawa ce a ƙafa. Ka kuma tambayi ta wane gefe yake. Wuraren sallar mata suna ta arewacin masallacin, harabar kuma faɗi gare ta ƙwarai. Otal da ke kudu yana iya zama daf da katanga, amma sai Inna ta kewaye rabin masallaci kafin ta kai ƙofar mata. Kafin naira ɗaya ta bar hannunka, ka tabbatar kamfanin yana da lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ka biya ta asusun kamfani ba na wani mutum ba, ka karɓi rasit.

Ka nemi keken guragu mai naɗewa tun daga gida. Tsofaffinmu ba su son hawansa, gani suke an mai da su majinyata, don haka ka fara lallashinta tun yanzu.

Badar kuwa tana da nisan kusan kilomita 150 kudu maso yamma da Madina. A can aka gwabza ranar 17 ga Ramadan, shekara ta 2 bayan Hijira, kuma sahabbai 14 suka yi shahada. Wuri ne mai daraja, amma zuwa da dawowa ya cinye muku wuni, ga zaman mota da gwiwa ba ta so. Ziyarar cikin gari ku ɗauki tasi ku biyu, ku gama ciniki kafin ku shiga, ku tsaya gwargwadon ƙarfinta.

Tambaya daga Runjin Sambo: Malam, kwana huɗu kawai zan yi a Madina. Wasu sun ce in ban yi kwana takwas na cika salloli arba'in ba, ziyarata ba ta cika ba, wai in ƙara kuɗi a tsawaita mini. Kuma jerin wuraren da aka ba ni ya yi yawa. Waɗanne ne ba a bari?

Amsa: Kwantar da hankalinka. Ziyarar Madina ba ta cikin rukunnan Hajji ko Umara, kuma hadisin salloli arba'in malamai sun yi saɓani a kan ingancinsa, da yawansu sun raunana shi. In kana da hali, kowane ƙarin kwana a Madina alheri ne. In sai ka ci bashi, bar shi.

Mu Sakkwatawa ma bai kamata mu raina kwana huɗu a Madina ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo tun yana saurayi ya yi waƙar begen zuwa Ɗaiba, wato Madina. Ya bi malaminsa Jibrila ɗan Umaru har Agadas, ya komo gida saboda ba shi da izinin mahaifinsa na wucewa Hajji, har ya rasu a 1817 bai taka ƙasar ba. Jama'ar da suka bi Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya gabas a 1903, da yawa daga waɗanda suka tsira a Sudan suka ya da zango. Kai jirgi zai kai ka cikin awanni. To kada ka ƙarar da wannan rabo kana hawa da sauka daga bas.

Wuraren da Sunna ta zo da ziyartarsu ba su da yawa, kuma babu wanda ake biyan kuɗin shiga. Na farko shi ne masallacin kansa, da yin sallama ga Manzon Allah (SAW) da sahabbansa biyu, Abubakar da Umar.

Sai maƙabartar Baƙi'a, nan gabas da masallaci, da ƙafa ake zuwa. Galibi bayan Asuba da bayan La'asar ake buɗe ta, maza ne ke shiga, mata su yi sallama daga waje. Sayyadina Usman yana ciki, da Abbas baffan Annabi, da Hassan jikansa, da Ibrahim ɗansa, da Nana A'isha tare da mafi yawan matansa. Imam Malik, wanda mazhabarsa muka taso a ciki, shi ma nan aka rufe shi a shekara ta 179. Ka sani ba suna a kan kabari ko ɗaya, tudun ƙasa ne da ɗan dutse. Wanda bai yi karatu a kai ba zai shiga ya fita bai san gaban wa ya wuce ba.

Sai Ƙuba, masallacin farko da aka gina a Musulunci. Annabi (SAW) yakan je kowace Asabar, wani lokaci a ƙafa, wani lokaci a kan abin hawa, kuma ya ce wanda ya yi tsarki a gidansa ya je ya yi salla a can yana da lada kamar na Umara. Saboda haka ka yi alwalarka tun daga masauki. Nisansa kilomita uku da 'yan kai ne, kuma an gyara titi na masu tafiya a ƙafa tsakanin masallatan biyu. Tun da da sauran ƙarfinka, ka taka da sanyin safiya. Ni a wurina wannan tattaki ya fi duk wani zagayen mota.

Uhudu ce za ka ba lokaci sosai. Tana arewa da gari, kimanin kilomita biyar. A watan Shawwal na shekara ta 3 Annabi (SAW) ya ɗora maharba 50 a kan wani ɗan tsauni ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu, ya ce kada su sauka ko me suka gani. Da suka ga alamar nasara, yawancinsu suka gangaro, sai Khalid ɗan Walid, wanda a lokacin bai musulunta ba, ya kewayo da mahayan dawakai ta baya. Sahabbai 70 suka yi shahada, cikinsu har da Sayyadina Hamza da Mus'ab ɗan Umair. Tsaunin nan yana nan, hawansa 'yan mintoci ne. In ka tsaya a kansa, dutsen Uhudu na gabanka, maƙabartar shahidai na ƙasa, sai ka ga da idonka dalilin da ya sa aka ce kada a bar wurin. Masu motar rukuni sukan ba mutane rubu'in awa a nan, a ɗauki hoto a koma, sannan a ƙare yawon a kantin dabino. Abin yana damuna ƙwarai.

Ƙiblataini, inda ake danganta labarin juya alƙibla daga Baitul Maƙdis zuwa Ka'aba a shekara ta 2, da wurin yaƙin Handaƙ na shekara ta 5, wurare ne na sanin tarihi. Babu wani lada na musamman da aka ware wa salla a cikinsu. In lokaci ya ragu, ka leƙa.

Inda zan ce ka kashe kuɗi shi ne wajen ɗan rakiya mai ilimi. Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, tana da ɗalibai masu jin Hausa da yawa, kuma sukan raka baƙi in ba su da darasi. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ku ɗauki mota ɗaya, ku kyautata wa ɗalibin. Kada ka ɗebo ƙasa ko tsakuwar Uhudu, kada kuma ka saya a hannun kowa.

Tambaya daga Arkilla: Malam, wani a cikin tawagarmu ya ce in ba shi kuɗi ya samo mini izinin shiga Rauda. In biya?

Amsa: A'a, Hajiya. Izinin shiga Rauda, wato filin nan tsakanin ɗakin Annabi (SAW) da mumbarinsa, kyauta ne. Ta manhajar Nusuk ake karɓarsa, da lambar fasfo da ta biza. Ki sauke ta a wayarki tun kina gida, ki sa ɗanki ko jikanki ya taya ki rajista. Mata da lokacinsu, maza da nasu, gurabe kuma suna cika da wuri, musamman da azumi, don haka ki riƙa dubawa a kai a kai. Izinin da aka yanka da sunan wani yana iya sa a mai da ke daga bakin layi, kuɗinki kuma ya tafi. In ba ki samu ba, kada ranki ya ɓaci. Ladan salla dubun nan bai taƙaita ga Rauda ba.

Tambaya daga Gawon Nama: Ranka shi daɗe, dangi da maƙwabta sun yi mini yawa, kowa na jiran tsaraba. Ina son dabinon ajwa na gaske, da Zamzam mai yawa. Yaya zan yi kada a cuce ni?

Amsa: Ajwa ita ce aka ambata a hadisin cin ƙwaya bakwai da safe, shi ya sa ta fi tsada, shi ya sa kuma ake ha'inci da ita. Ƙarama ce, a dunƙule, baƙa, da siraran layuka a jikin fatarta, kuma zaƙinta bai cika kaifi ba. Wanda aka fi sayar wa baƙo a madadinta shi ne safawi, shi ma baƙi ne amma dogo. Safawi dabinon Madina ne mai kyau, laifin kawai a karɓi kuɗin ajwa a kansa. Shawarata, Alhaji, ka sayi ajwa kaɗan don iyaye da malamanka, sannan ka cika kwali da safawi ko mabrum don rabon unguwa. Ka je kasuwar dabino inda rumfuna suke jere, ka tambayi farashi a wuri uku, ka ɗanɗana, a auna a gabanka, a rufe kwalin a gabanka. Kantin da direba ya kai ku yawanci da kamashonsa a cikin farashi.

Zamzam ba a yarda a cusa shi cikin jaka ba. Abin da aka amince shi ne robar lita 5 mai hatimi da ake saye a filin jirgi, kuma ka tambayi kamfanin jirginku tun da wuri ko yana ɗauka. Lita biyar ta isa kowa ya kurɓa in an raba da ƙananan kofuna.

Darduma da tasbaha da hula, yawancinsu daga Sin da Turkiyya ake kai su can, kuma irinsu na nan cike da kasuwarmu. Kowane kilo da ya haura awo sai ka biya a kansa. Gara ka saye su a gida, ka bar wa Alƙur'ani gurbi a jaka. Maɗaba'ar Sarki Fahad da ke Madina, wadda aka buɗe a 1984, tana buga har da ruwayar Warshu. Karatun da muka yi a makarantar allo ke nan, kuma Warshu a hannun Nafi'u, malamin ƙira'ar Madina, ya ɗauko shi. Malamin da ya koya maka Fatiha zai fi murna da wannan bisa kowane yadi.

Tambaya daga Wamakko: Daga Madina zuwa Makka, jirgin ƙasa ko bas?

Amsa: Jirgin ƙasa na Haramaini, da ya fara aiki a 2018, yana cinye kilomita 450 ɗin nan cikin kusan awa biyu da rabi, bas kuwa ya kai ninki biyu ko fiye. In da tsoho ko ƙananan yara a tare da kai, jirgin ya cancanci kuɗinsa. Amma an ƙayyade kayan da mutum zai shiga da su, don haka manyan jakunkuna su bi motar kamfani. Sannan ga maganar miƙati. Bas yana tsayawa a Zul Hulaifa, inda ake ce wa Abyar Ali, kowa ya ɗaura niyya a natse, jirgi kuwa ba ya tsayawa a can. Ka yi wanka ka sa harami a masauki, ka ɗauki tasi zuwa Zul Hulaifa ka ɗaura niyya, sannan ka wuce tasha. Miƙatin da tashar ba gefe ɗaya na gari suke ba, saboda haka ka yanki tikitin da zai ba ka isasshen lokaci tsakani.