Awa nawa jirgi ke yi daga Singafo zuwa New York?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a warware min wannan. An ce jirgin Singafo zuwa New York shi ne mafi doguwar tafiya a duniya, wai kusan awa 19 a sama, amma da na duba jadawalin sai na ga ya tashi wajen 12 na rana ya sauka wajen 6 da rabi na yamma a ranar. To ina awa 19 ɗin? Kuma nisan kilomita nawa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Jadawalin bai yi ƙarya ba, agogo ne ya rikita ka. Tikiti kullum lokacin garin da aka tashi da na garin da aka sauka yake nunawa, kuma Singafo tana gaba da New York da awa 12 a lokacin zafin New York, in hunturu ya shigo ta koma 13. To ka ga in jirgi ya tashi 12 na rana ya yi awa 18 da rabi, a Singafo gari ya riga ya waye ƙarfe 6 da rabi na safen gobe, amma a New York har yanzu yammacin ranar da aka taso ne. A dawowa kuma abin juyawa yake, sai ka ga kamar an sace maka kwana guda.

Nisan tsakanin filin jirgin Changi na Singafo da na JFK a New York kusan kilomita 15,350 ne, kamfanin Singapore Airlines ke yin tafiyar da Airbus A350-900ULR, kujeru 161 kacal, ko ƙananan kujerun nan na talaka babu a ciki, saboda nauyin da aka rage man jirgi ne ya maye gurbinsa.

Yanzu in ka raba 15,350 da gudun jirgi, wajen kilomita 900 a awa, awa 17 za ka samu, sai ka ce to ina sauran? A nan mutane ke yawan kuskure. Wancan nisan shi ne mafi gajarta a bisa doron duniya, ka ɗauki lemo da zare ka ja tsakanin wuri biyu za ka ga zaren ya lanƙwasa ta saman lemon, shi ya sa hanyar ta bi ta can kusa da ƙurewar arewacin duniya, ba miƙe kamar yadda taswira ke nunawa ba. Amma direbobin jirgi ba lallai su bi ta nan ba, iska suke bi. Akwai wata iska mai ƙarfi can sama da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, shi ya sa a tafiya sukan bi ta Japan da tekun Fasifik, a dawowa kuma sau da yawa sai su ƙetare tekun Atlantika su bi ta Turai, hanya ta ƙara tsawo amma iska na tura su ta baya, mai ma ya ragu. Ga kuma lokacin da ake ɓatawa a ƙasa ana layin tashi, musamman a JFK da cunkoso ba ya ƙarewa, duk yana cikin lissafin da aka rubuta a tikiti.

Ni dai in za ka bi shi, ka nemi kujerar gefen hanya, ka riƙa tashi kana ɗan zagayawa kana shan ruwa, don ƙafa na kumbura in an daɗe a zaune haka.